FILIN KIWON LAFIYA: Azumi Da Sabon Maganin Ciwon Daji

A 'yan shekarun nan wata magana ta bazu a ƙasar nan, birni da ƙauye, wai masana a Turai da Amurka sun gano cewa yunwa tana kashe ciwon daji, kuma wai majinyacin da ya lizimci azumi zai fi kowa cin moriyar sabon maganin nan mai zaburar da garkuwar jiki. Duk inda wayar salula ta shiga can maganar take sauka, saboda haka ba ta tsallake Awe ba, garin gishiri na Jihar Nasarawa, balle Lafiya babban birnin jihar.

Ba abin mamaki ba ne da ta sami shiga. Azumi ba baƙo ba ne a wurin jama'ar wannan yanki. Musulmi suna da na watan Ramalan, da Sitta Shawwal, da na Litinin da Alhamis, Kirista kuma suna da nasu na kwana arba'in kafin Ista. Daɗin daɗawa ba a biyan ko kwabo a kansa. To, mutumin da aka gaya masa kuɗin allura guda ya ɗara kuɗin gonarsa, in ya ji an ce ga wani magani kyauta wanda har lada ake samu a kansa, ai ba sai an roƙe shi ba.

Maganar tana da tushe, wannan gaskiya ne. Amma kafin ta iso nan an sare mata kai da ƙafa a hanya, kuma ɓangaren da aka sare ɗin shi ne wanda ya fi shafar majinyacin da ya fito daga wuri irin Awe.

Da farko ya kamata a san ko mene ne wannan magani. A cikin jinin ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu sintiri ne, su gane baƙo su hallaka shi. Daga cikinsu akwai rukunin da likitoci ke kira ƙwayoyin T, su ne mayaƙan da ke iya kashe ƙwayar jiki in ta lalace. Da yake mayaƙi in ba a tsawata masa yakan juya kan 'yan gida, sai aka halicce su da linzami, wanda jiki ke ja in faɗa ya ƙare. Wayon ciwon daji shi ne ya koyi kama wannan linzami, ya riƙe shi tamau, har mayaƙan su zo su tsaya a kansa su kasa taɓuka kome.

Wani masani ɗan ƙasar Jafan, Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto, shi ya gano ɗaya daga cikin linzaman nan a shekarar 1992, aka sa masa suna PD-1. A Amurka kuma James Allison ya nuna a shekarar 1996 cewa in aka kwance wani linzamin mai suna CTLA-4 a jikin ɓeraye, garkuwar jikinsu da kanta takan cinye ƙarin da ke jikinsu. Daga nan aka yi ta aiki har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko na wannan iri a shekarar 2011, sa'an nan a 2014 wasu biyu suka biyo baya, watau pembrolizumab da ake sayarwa da sunan Keytruda, da nivolumab mai sunan Opdivo. A shekarar 2018 aka ba mutanen nan biyu kyautar Nobel ta fannin likitanci.

Mutanen Nasarawa da Filato sun san sunan wani da ya ci moriyarsa. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda cibiyarsa ta yi shekara da shekaru tana raba maganin tundurmi da na makantar kogi a ƙauyukan jihohin nan biyu, ya sanar a watan Agusta na 2015 cewa ciwon dajin fata ya kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Yana da shekara 90 a lokacin. Aka yi masa fiɗa, aka yi masa gashi, aka kuma ɗora shi a kan Keytruda. Kafin ƙarshen shekarar ya ce likitoci ba su ƙara ganin alamar ciwon ba, kuma bai rasu ba sai ran 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100 cif.

Sai dai ba kowa ne Carter ba. A yawancin nau'o'in ciwon daji, waɗanda maganin ke yi wa aiki ba su kai rabin masu karɓarsa ba. Dalilin ke nan da ya sa masana suka bazama neman abin da za a haɗa masa ya ƙara masa kaifi, kuma a cikin wannan nema ne aka zo kan batun rage cin abinci.

Tun a shekarun 1920 wani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin ciwon daji suna da haɗamar sukari fiye da lafiyayyu. Wanda ya fi kowa ɗaukaka batun a wannan zamani kuwa shi ne Valter Longo, ɗan asalin Italiya da ke koyarwa a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. A shekarar 2008 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa ɓerayen da aka hana abinci kwana biyu sun fi jure wa dafin maganin kemo. Bayaninsu shi ne, lafiyayyar ƙwaya in ta ji yunwa takan tsaya da girma ta koma tsaron kanta, ita kuwa ta ciwon daji ba ta san tsayawa ba, sai dafin ya same ta a fili. A 2016 suka ƙara nuna cewa rage abinci yana ƙara yawan mayaƙan T da ke kutsawa cikin ƙarin. A 2020 wasu masana na Jami'ar Navarra a ƙasar Sifen suka haɗa yunwar ɗan lokaci da maganin kwance linzamin PD-1 a kan ɓeraye masu ciwon dajin huhu, haɗin ya fi kowannensu shi kaɗai. A 2024 kuma masana na cibiyar Memorial Sloan Kettering da ke New York suka hana ɓeraye abinci awa 24 sau biyu a mako, suka ga wani rukunin mayaƙan jini ya koyi rayuwa da kitse maimakon sukari, ya fi iya faɗa da ciwon.

Duk wannan aiki ne na ƙwarai, ba wanda zai raina shi. Amma mai karatu zai lura da kalmar da ta yi ta dawowa: ɓeraye. Ɓera in ya yi kwana biyu bai ci ba yakan zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, in ya koma ci kuma ya mai da shi cikin 'yan kwanaki. Jikin mutum ba haka yake tafiya ba. Kuma ko a ɓerayen ma ba duka labarin ne mai daɗi ba, domin a 2023 masana na asibitin Mount Sinai, a New York ɗin dai, sun ga yunwa tana sa wasu fararen ƙwayoyin jini su janye su koma cikin ɓargo, kuma ɓerayen da suka yi yunwa suka koma ci sun fi saurin mutuwa da aka sa musu ƙwayar cuta.

Akwai kuma sunan da ake yawan jinginawa da maganar, watau Yoshinori Ohsumi, wani masanin Jafan da ya sami kyautar Nobel a 2016. Ana cewa wai shi ne ya tabbatar azumi yana warkar da ciwon daji. Bawan Allahn nan a kan ƙwayoyin yis, irin na kwaɓa burodi, ya yi bincikensa, ya gano yadda ƙwayar halitta ke narkar da tarkacen cikinta ta sake amfani da su in abinci ya yanke. Wannan ne aka ba shi kyauta a kai. Abin da masu yaɗa labarin ba su faɗa shi ne, ƙwayar ciwon daji da ta riga ta kafu ita ma takan yi amfani da wannan dabara ta tsira in ta shiga ƙunci.

To, yaya batun mutane? Gwaje-gwaje biyu ne aka fi ambata, kuma ya dace a dube su da kyau.

Na farko an yi shi a ƙasar Holan, aka buga sakamakonsa a 2020. Mata 131 masu ciwon dajin nono aka ɗauka, aka raba su biyu. Kashi ɗaya suka ci gaba da abincinsu, ɗaya kashin aka ba su wani abinci ƙalilan na miya da shayi, su yi kwana uku a kansa kafin kowane zagaye na kemo, da ranar kemon. An ga alamar ƙarin ya fi motsewa a wurin waɗanda suka rage abinci. Amma ga inda gizo ke saƙa: kashi ɗaya cikin uku ne kawai na matan suka iya kai zagaye huɗu, kuma kashi ɗaya cikin biyar ne suka jure har ƙarshe. Sauran sun gaza, ga su kuwa a ƙasar da asibiti ke bayan gida. Bugu da ƙari, kemo aka ba matan nan, ba maganin zaburar da garkuwa ba.

Na biyu an yi shi a cibiyar ciwon daji ta birnin Milan a Italiya, aka buga shi a 2022. Majinyata 101 masu ciwo iri-iri suka riƙa yin kwana biyar a kan abinci kaɗan ƙwarai, ranar farko kada ya wuce kalori 600, sauran ranakun huɗu kada ya wuce 300, sa'an nan su koma ci sosai har mako biyu zuwa uku kafin su sake. Sukarin jininsu ya sauka, ƙwayoyin da ke danne garkuwa suka ragu, mayaƙan suka ƙaru, kuma yawancinsu sun jure. Manufar gwajin ita ce a ga ko abin yana da haɗari da kuma yadda yake canza jini. Ba a shirya shi don ya nuna ko yana ƙara tsawon kwana ba. Har zuwa yau babu wani babban gwaji da ya tabbatar cewa mai karɓar maganin zaburar da garkuwa zai fi daɗewa a duniya in ya haɗa da azumi.

Abubuwa uku ne ke tattare da gwaje-gwajen nan waɗanda ba su biyo labarin zuwa Awe ba. Tun a bakin ƙofa aka mai da ramammu da waɗanda nauyinsu ke raguwa, ba a ko bari sun shiga ba. Waɗanda suka shiga kuma likitoci da masana abinci suna bin su, ana auna su, ana gwada jininsu, da an ga nauyi bai dawo ba sai a tsai da su. Na ukun shi ne ruwa. Duk abin da Turawa ke kira azumi a waɗannan bincike, da wanda ake yayinsa na cin abinci cikin awa 8 a bar 16, da na rage ci kwana biyu a mako wanda likitan nan na gidan talabijin na BBC, marigayi Michael Mosley, ya yaɗa a 2012, dukansu ana shan ruwa a cikinsu, har ma ana kwaɗaitar da sha. Sunan ne kawai ya zo ɗaya da azumin da aka sani a nan, wanda ake kame baki daga ci da sha tun hudowar alfijir har faɗuwar rana.

Yanzu sai a dawo gida a dubi majinyacin da ake magana a kansa. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 Nijeriya ta sami sababbin masu ciwon kusan 128,000, kuma kusan 80,000 suka rasu. Na nono ne kan gaba, sai na mafitsarar maza, sai na bakin mahaifa. Likitocin ƙasar nan sun daɗe suna kuka da cewa mafi yawan majinyata ba su zuwa sai ciwo ya kai mataki na uku ko na huɗu. Ga mutumin Awe, ko Azara, ko Tunga can bakin Binuwai, dalilin a bayyane yake. Yakan fara da na gida, jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, sa'an nan asibitin gari, sa'an nan ya bi ta Obi ya isa Lafiya, asibitin da aka fi sani da sunan Dalhatu Araf. In abin ya kai ga gashi ko manyan magunguna, sai a tura shi gaba, ya bi ta Akwanga da Keffi zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ko kuwa ya nausa Shika ta Zariya. Kowane zango yana cin watanni, yana cin kuɗi, yana kuma cin naman jiki. Kafin ya zauna a kujerar da za a ɗaura masa maganin, rigarsa ta riga ta yi masa yawa.

Wannan rama ba irin ta mai fama da talauci kawai ba ce. Ciwon daji da ya yi nisa yakan saki wasu sinadarai da ke kashe sha'awar abinci, su kuma sa jiki ya riƙa cin tsokarsa da kansa. Likitoci sun sa mata iyaka a shekarar 2011: duk mai ciwon da ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida ba da niyya ba, ya shiga cikinta. Ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan kacal, abin da ido ba ya ko ganewa in mutum yana cikin babbar riga. Tsokar da ta tafi ta wannan hanya tana da wuyar dawowa ƙwarai, kuma an sha ganin cewa majinyatan da suka zube haka su ne maganin zaburar da garkuwa ya fi kasa yi wa aiki. Har ma akwai wani abin ɗaure kai da aka buga a 2018, cewa a cikin maza masu ciwon dajin fata da ya bazu, masu ƙiba sun fi daɗewa a kan maganin fiye da masu matsakaicin jiki. Ba wanda ya ce a je a tara teɓa saboda haka, amma yana nuna cewa mayaƙi ma da guzuri yake yaƙi.

Shi ya sa ƙungiyar masana ciyar da majinyata ta Turai, a ƙa'idojin da ta fitar a 2017 ta kuma sabunta a 2021, ta ce mai ciwon daji yana bukatar kalori 25 zuwa 30 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, da abincin gina jiki fiye da giram 1 har zuwa 1.5 a kan kowane kilo, ta kuma ja kunne kada a sa wanda ya rame ko yake dab da ramewa a kan kowane tsarin rage ci. Mai kilo 60 ke nan yana neman kalori 1,500 zuwa 1,800, da giram 60 zuwa 90 na sinadarin gina jiki. Ƙwai guda giram 6 ne kawai a cikinsa. Mutumin da cokali uku na tuwo ke isarsa ya ture kwano, ta yaya zai tara wannan tsakanin magariba da asuba? Irinsa kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau biyar ko shida a yini, kunun gyaɗa yanzu, alale an jima, fura da nonon da aka tafasa can da la'asar.

Sai kuma illolin maganin kansa, waɗanda a nan ne azumi maras ruwa ya fi zama abin tsoro. Mayaƙan da aka kwance wa linzami wani lokaci sukan afka wa 'yan gida. Sukan kama hanji, gudawa ta ɓarke. Sukan kama hanta, ko huhu, ko ƙoda. Sukan taɓa ƙullutun nan na maƙogwaro da ke daidaita zafin jiki da kuzari. Nadiran sukan lalata wurin da ke yin insulin, mutum ya wayi gari da ciwon sukari mai tsanani wanda bai taɓa yi ba. Sukan kuma taɓa wasu 'yan ƙullutu biyu da ke zaune a kan ƙoda, ko wanda ke ba su umurni daga ƙasan ƙwaƙwalwa, waɗanda su ne ke riƙe gishiri da sukari da ƙarfin bugun jini in mutum ya shiga wahala. Mutanen Awe ba sai an gaya musu darajar gishiri ba, tun da shi ne ya kafa garin, har yau kuma mata na tace ƙasar gishiri suna dafa ruwanta da rani. Jikin da ya kasa riƙe nasa gishirin, in aka ƙara masa ƙishin awa 13 zuwa 14, jininsa yakan yi ƙasa ya yanke jiki ya faɗi.

Babban haɗarin shi ne alamun waɗannan illoli iri ɗaya ne da na mai azumi: kasala, jiri, ciwon kai, ƙishi, tashin zuciya. Mai azumi zai ce ai yunwa ce, bari a sha ruwa a gani. Iyalinsa ma haka za su ce. Alhali kuwa abin da ke faruwa a cikinsa na gaggawa ne, wanda ke bukatar gwajin jini da maganin danne garkuwa irin su prednisolone a ranar, ga shi kuma likitan da ya san abin yana Abuja. Illolin nan ba su da ranar zuwa, sukan ɓullo makonni ko watanni bayan allura, har bayan an gama maganin. Azumin 2024 da na 2025 duk sun kama watan Maris, lokacin da zafin kwarin Binuwai ke kai maƙura. Da yake wata yana ja baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ya nufi hunturu ke nan, amma iskar hunturu ita ma tana busar da jiki ba tare da mutum ya ji gumi ba.

Ta fuskar addini kuwa, malamai sun riga likitoci magana. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara, inda aka wajabta azumin Ramalan, nan ne aka sauƙaƙa wa majinyaci da matafiyi su sha su rama daga baya. Littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, irin su Muhtasar na Halil, sun kai matsayin cewa in mutum ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan azumin ya zama wajibi a kansa. Wanda ciwonsa ba a sa ran zai bar shi ya rama, akwai hanyar ciyar da miskini, malamin unguwa zai yi masa bayanin yadda ake yi. Ita ma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar magani ta fata ko ta tsoka ko ta jijiya ba ta karya azumi, ban da ƙarin ruwan da ke zama madadin abinci. Wannan yana da amfani a sani, domin akwai masu ɗage ranar allurarsu sai bayan salla. Keytruda kowane mako uku ake ɗaura shi, ko mako shida in an ninka, cikin minti 30 an gama, kuma ba a ɗage shi sai da dalilin da likita ya gani. A Amurka kuɗin ɗauri guda ya haura dala 10,000. Iyalin da suka sayar da shanu ko gonar riɗi suka haɗa wannan, bai kamata su bari a yi caca da shi ba.

In ana neman abincin da ke da ɗan alamar taimaka wa maganin a jikin mutane, akwai shi, kuma yana kasuwar Awe. A 2021 masana na cibiyar MD Anderson da ke Texas suka bi majinyata 128 masu ciwon dajin fata da ke karɓar wannan magani, suka ga waɗanda ke cin giram 20 ko fiye a rana na ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa, irin wanda ke cikin dusa da wake da ganye, ciwonsu ya fi daɗewa bai ci gaba ba. Dalilin da suka bayar shi ne ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji da shi suke rayuwa, su kuma suna da hannu wajen horar da garkuwar jiki. Binciken lura ne kawai, bai kai hujja yankakkiya ba, amma ba wanda zai cutu da gero da dawar da ba a surfe ƙarƙaf ba, da wake, da zogale, da kuka, da riɗi, matuƙar ba gudawa yake yi ba. Gyaɗa dai a zaɓi mai kyau, domin wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke jawo ciwon dajin hanta. Haka kuma a Faransa an gano a 2018 cewa waɗanda suka sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta dab da fara maganin ba su ci moriyarsa kamar sauran ba. Wanda likita ya rubuta wa saboda cuta, dole ya sha. Abin gudu shi ne kafson nan da ake saye a kemis ko hannun mai talla a tashar mota da zarar ciki ya murɗa.

Duk wannan ba yana nufin an rufe ƙofar azumi ga kowane mai ciwon daji ba ne. Akwai wanda aka kama ciwonsa da wuri, jikinsa a cike, yana cin abincinsa, ƙodarsa lafiya, ba ya shan maganin danne garkuwa, ba shi da ciwon sukari. Irin wannan likitoci sukan bar shi ya ɗauki azumin Ramalan, bisa sharaɗin ya tsallake ranar allura da ranakun da jiki bai yi daɗi ba, ya sha ruwa sosai da dare, kada ya bar sahur, ya kuma karya nan take in gudawa, ko amai, ko jiri, ko zazzaɓi ya zo. Amma magana ce da ake yi da likita makonni kafin ganin wata, a gwada jini, a hau sikeli. Majinyata da yawa ba su tambaya, suna tsoron a hana su, likitoci kuma, musamman in layi ya yi tsawo, ba su tuna su tayar da zancen. A nan laifin ya fi karkata ga likitocin, domin sun san watan yana tafe.

Abin da iyali za su iya yi a Awe ba tare da jiran kowa ba shi ne awo. A sami sikeli irin wanda ake hawa, a asibitin gari ko a ɗakin shan magani, majinyaci ya hau shi sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe, da tufafi iri ɗaya, a rubuta a bayan katin asibiti tare da kwanan wata. In lambar ta sauka mako biyu a jere, ko aka ga gudawa ta kai sau huɗu a yini fiye da yadda aka saba, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a buga wa likita waya, a kuma nemi motar Lafiya a ranar, da katin a hannu.